Jirgi Mai Tarago 1001 da Sauran Al'ajaban Littattafan Zane na Duniyar Ƙanƙara

Akwai wani rukuni na littattafan zane, irin masu ba da labari da hotuna jere-jere, waɗanda ba su da aiki sai su kashe duniya da sanyi, sannan su koma gefe su ga yadda 'yan tsirarun da suka rage za su kwashe da juna. 'Yan Ajantina suka fara, Faransawa suka kai abin ƙoli, Amurkawa da Japanawa suka biyo sahu. A kusan dukkansu, sanyin ba shi ne mugun labarin ba. Aikinsa kawai ya kulle ƙofa. Da zarar an kulle, sai rigima ta koma kan wa ke kusa da wuta, wa kuma ke riƙe da ludayin rabo. Ga wasu abubuwan mamaki daga cikin littattafan, da wasu daga rayuwar waɗanda suka yi su.

Jirgin da ba ya tsayawa

Mafi shahara a cikinsu shi ne Le Transperceneige, wanda duniya ta fi sani yanzu da Snowpiercer. Jacques Lob ya rubuta, Jean-Marc Rochette ya zana. Ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar À Suivre a 1982, kamfanin Casterman ya haɗa shi littafi guda a 1984. Duniya ta daskare, duk ɗan Adam da ya rage yana cikin jirgin ƙasa ɗaya mai tarago 1001, yana ta tafiya ba tasha ba zango. Wanda ya ji adadin zai tuna Dare Dubu da Ɗaya, kuma bai yi kuskure ba. Can idan labari ya tsaya kan mai ba da shi ne zai tafi, nan kuwa idan inji ya tsaya kowa ya sandare.

A yi ɗan lissafi. Idan kowane tarago ya kai mita 25, kamar na fasinja na yau, jirgin ya kai kilomita 25 ke nan. Mafi tsawon jirgin da aka taɓa ja a zahiri shi ne na kamfanin BHP a yammacin Ostareliya a 2001: tarago 682, kilomita bakwai da ɗoriya, kawuna takwas ke jan sa. Na Muritaniya mai ɗauko tama daga Zouérat zuwa Nouadhibou, wanda matafiya suka saba hawa kan tulin tamar kyauta, ba ya wuce kilomita uku. To wa ke gyara wa Lob layin dogonsa cikin wannan ƙanƙara? Littafin bai kula tambayar ba, kai ma kafin ka ci shafi goma ka manta da ita.

Ba Rochette aka nufa da zanen ba tun farko. Lob ya soma aikin ne da wani gwani da ake kira Alexis, wanda ya zana shafuka goma sha wani abu, sai jijiyar jini ta fashe masa, ya rasu a 1977 bai cika shekara 31 ba. Labarin ya kwanta shekara biyar kafin ya sami wani hannun.

Labarin kansa tafiyar ƙafa ce daga wutsiya zuwa kai. Wani mai suna Proloff ya sulale daga taragun baya, inda aka cusa talakawa aka datse musu ƙofa. Sojoji suka kama shi, suka haɗa shi da wata matashiya, Adeline Belleau, mai fafutukar a tausaya wa na baya, aka aske musu kai saboda tsoron cuta, aka tasa su gaba zuwa wurin manya. Kowane tarago suka shiga sai ya fi na baya ɗumi da haske, har suka kai inda ake kiwon zomaye, ana shan giya, ana sheƙe aya. Can suka gane dalilin kiran nasu: injin ya fara gajiya, manya na shirin kwance taragun baya su bar su a hanya don a rage nauyi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba faɗa ba ne. Proloff ne ke ba da labarin wani tsoho a taragun baya, inda mutane ke kwana a kan juna. Ranar zagayowar haihuwarsa ta zo, aka tambaye shi me yake so a yi masa. Ya ce a bar shi shi kaɗai na sa'a ɗaya. Mutane suka yi ta matsawa, suka cusa kansu cikin taragon maƙwabta da ya riga ya cika, suka ja masa ƙofa. Da lokaci ya cika suka dawo, sai suka tarar ya rataye kansa. Shafi kaɗan ne, amma ya fi duk wani bayani nuna abin da cunkoso ke yi wa mutum.

Naman da masu matsakaicin hali ke ci ba na dabba ba ne. Wani ƙaton curin tsoka ne mai rai, ba kai ba ƙafa, ana kiran sa Mama. A yanka, ya sake tofowa. Injin jirgin kuwa har addini aka kafa masa, da malamansa da masu yi masa addu'a, suna kiran sa Sainte Loco. Ƙarshen littafin ba mai daɗi ba ne: annoba ta bi taragu, Proloff ya wayi gari shi kaɗai a kan jirgi yana kula da injin da ba ya jan kowa.

Lob ya karɓi babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a 1986, kyautar da aka saba bai wa masu zane, ba marubuta ba. Ya rasu a 1990. Benjamin Legrand ya ɗora da littattafai biyu a 1999 da 2000, inda aka ƙirƙiro jirgi na biyu a kan dogo ɗaya, mutanensa kullum cikin fargabar karo da na farko. A na 2015, wanda Olivier Bocquet ya rubuta, fasinjoji sun sauka, sun tarar da wani birni a ƙarƙashin ƙasa inda kowa ke sanye da fuskar ɓera.

Mai zanen da dutse ya fasa wa fuska

Rochette bai tashi da burin zane ba. A Grenoble ya girma, gindin tsaunukan Alps, so yake ya zama jagoran masu hawan dutse. A 1976 wani dutse ya gangaro ya same shi a fuska, ya yi masa raga-raga da haƙora da muƙamuƙi, burin ya tsaya nan. Don haka ƙanƙarar da ke littafin ba daga hoto ya kwafe ta ba, ya taka ta, ya kwana a kanta. Ya ba da labarin wannan ƙuruciya a wani littafin zane na 2018, Ailefroide, sunan wani tsauni mai tsayin mita 3954.

Faransawa dai da jirgin ƙasa sai Allah. A 1980 wani marubucin, G.-J. Arnaud, ya fara jerin ƙagaggun labarai mai suna La Compagnie des glaces. A nasa, wata ne ya tarwatse, ƙurarsa ta tare rana, kamfanonin jirgin ƙasa suka zama su ne gwamnati, birane kansu a kan dogo suke. Ya yi ta rubutawa har littattafan suka kusa ɗari, daga baya aka mai da wani sashe labarin zane. Mutum biyu, ƙasa ɗaya, lokaci ɗaya, kowa ya ga ƙarshen duniya a kan ƙarfe biyu.

Daga ina wannan tsoron sanyi?

Yau zafi ake kuka da shi, amma a shekarun 1970 wasu jaridu sanyi suke tsorata mutane da shi. Mujallar Newsweek ta Amurka ta buga wani rahoto a Afrilun 1975 cewa duniya na hucewa, abinci zai yi ƙaranci. Sai ga tsoron nukiliya ya ɗora nasa. A Disambar 1983 masana biyar, cikinsu har da Carl Sagan, suka fitar da bincike a mujallar Science cewa hayaƙin biranen da bama-bamai za su ƙone zai iya tare rana har amfanin gona ya mutu a duniya. Abin dariyar shi ne, jirgin Lob ya riga binciken fitowa da shekara guda.

Wani ɓangare na tunanin masanan daga duniyar Mars ya zo. A 1971 kumbon Mariner 9 ya isa can ya tarar ƙura ta lulluɓe ta gaba ɗaya, aka lura sama ta yi ɗumi, ƙasa ta yi sanyi. Mu ba sai an kai mu Mars ba. Duk wanda ya ga hazon hunturu, lokacin da ƙurar Bodélé ta Chadi ke tasowa ta mai da rana wani farin faifai da ido ke iya kallo, ya san yadda ƙura ke sace zafi. Bambancin kawai, namu makonni ne ya wuce.

Irin wannan sanyi ya taɓa faruwa da gaske, ƙarami-ƙarami. Dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815, shekarar da ta biyo baya aka rasa bazara a Turai da arewa maso gabashin Amurka, dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni, gonaki suka lalace. Wannan mugun yanayi ne ya tsare Mary Shelley da abokanta a cikin gida a bakin tafkin Geneva, inda ta soma Frankenstein, labarin da shi ma a kan ƙanƙarar arewacin duniya yake ƙarewa. Pinatubo na Filifins, a 1991, ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu.

Dusar da ke kisa da taɓawa

Kakan waɗannan littattafai duka daga Ajantina yake. El Eternauta, rubutun Héctor Germán Oesterheld, zanen Francisco Solano López, ya fara fitowa a mujallar Hora Cero ta mako-mako ranar 4 ga Satumba 1957, ya ɗauki shekara biyu. Har yau 4 ga Satumba ce ranar littattafan zane a ƙasar.

Abokai huɗu ne ke karta da dare a ɗakin saman gidan Juan Salvo, a wata unguwa a gefen Buenos Aires. Wuta ta ɗauke, gari ya yi tsit. Suka leƙa taga sai ga wata dusa mai ƙyalli tana sauka, motoci sun yi karo, mutane zube a titi. Duk wanda ƙwaya ɗaya ta taɓa fatarsa ya tafi. Abin da ya cece su bai wuce sun rufe tagogi saboda sanyi ba. Ɗaya daga cikinsu, dattijo Polsky, ya kasa daurewa don tunanin iyalinsa, ya buɗe ƙofa ya fita a guje, bai yi nisa ba ya faɗi abokansa suna kallo ta gilashi.

Sauran suka toshe kowace kafa, suka haɗa riga da roba da safar hannu da gilashin masu nutso, da abin tace iska. Wannan hoto, mutum cikin rigar da aka ɗinka a gida yana tafe cikin dusa da bindiga a kafaɗa, shi ne yanzu a bangon birnin ko'ina. Magoya bayan tsohon shugaban ƙasa Néstor Kirchner har sun taɓa cire fuskar Salvo suka sa tasa a ciki.

Ga wasu guda biyu da suka tsira ta hanyar da ba a zata ba. Wani yaro, Pablo, maigidansa mai shagon kayan ƙarfe ne ya kulle shi a ɗakin ƙasa don horo. Maigidan ya mutu, yaron ya rayu. Wani matashin maƙerin masana'anta kuwa, Franco, ya gane abin da ke faruwa da wuri saboda yawan karanta labaran zane na baƙin halittu. Marubucin ya yi wa sana'arsa talla ke nan, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Dusar makamin share fage ce, mahara daga wata duniya suka turo ta. Amma duk wanda mutanen suka yaƙa sai su tarar shi ma bawa ne. Manyan ƙwari ana juya su da na'ura. Masu juya su, wasu halittu masu yatsu barkatai, an dasa musu wani abu a jiki da ke zuba musu guba da zarar sun ji tsoro, don haka ko tunanin tawaye ba sa iyawa. Iyayen gijin na ainihi ba a taɓa nuna fuskarsu ba ko sau ɗaya. Faɗan kuma ba a New York ko Landan ake yi ba, a filin ƙwallon River Plate ne da titin General Paz, wuraren da mai karatu ke bi kullum zuwa aiki. Oesterheld ya dage cewa jarumin labarin ba Salvo ba ne, taron ne: malamin kimiyya, ma'aikacin banki, maƙeri, yaron shago. A nan ya sha bamban da jirgin Faransawa, inda kowa tasa ta fishshe shi.

Abin da ya biyo baya ya fi littafin muni. Oesterheld, wanda ilimin duwatsu ya karanta a jami'a, ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Montoneros tare da 'ya'yansa mata huɗu. Kashi na biyu na labarin, na 1976, daga maɓoya yake aiko da rubutunsa. A Afrilun 1977 sojojin da ke mulki suka sace shi, har yau ba a ga gawarsa ba. Estela, Diana, Beatriz da Marina duk an hallaka su ko an ɓatar da su tsakanin 1976 da 1977, biyu daga ciki suna da juna biyu. Matarsa Elsa Sánchez ta rayu har 2015 tana neman jikokin da wataƙila an haifa a tsare. Solano López kuwa sai gudun hijira ya yi zuwa Sifen don ya tserar da ɗansa.

Da Netflix ta mai da El Eternauta shirin kallo a Afrilun 2025, Ricardo Darín a matsayin Salvo, sai aka wayi gari an liƙa hotunan Oesterheld da 'ya'yansa a kan allunan tallar a titunan birnin. Ƙungiyar kakannin nan ta Abuelas de Plaza de Mayo, mai neman jariran da aka sace a wancan zamani, ta ce masu tuntuɓar ta don shakkar asalinsu sun ƙaru sosai.

Wani abin kuma, Buenos Aires ba garin dusar ƙanƙara ba ne. Ta sauka a Yunin 1918, ba ta sake ba sai ranar 9 ga Yuli 2007, shekara 89 tsakani, kuma ranar ta dace da bikin 'yancin kan ƙasar. Jama'a suka fito titi suna murna, ba wanda ya ɗinka riga.

Ɗan kasuwa, dage da kwazazzabo

Amurkawa da suka zo nasu, sai suka sa ɗan kasuwa a gaba. Winterworld na Chuck Dixon, wanda kamfanin Eclipse ya buga kashi uku a 1987 da 1988, labarin Scully ne, mai tono kayan tsohuwar duniya daga ƙarƙashin ƙanƙara yana musaya da ƙauyuka. Abokin tafiyarsa wata dabba ce dangin dage mai suna Rahrah, sai wata yarinya, Wynn, da ta liƙe masa. Mai zanen, Jorge Zaffino, shi ma ɗan Ajantina ne. Ya rasu a 2002 yana da shekara arba'in da 'yan kai, bai ga lokacin da aka sake buga aikin ana yabonsa ba. Dixon kuwa an fi saninsa da Batman, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Bane.

A Neige na Didier Convard da Christian Gine, na'urar sarrafa yanayi ce ta lalace, aka kewaye Turai da katanga, sai ya zama Turawa ne a kulle cikin sanyi sauran duniya na waje.

Snow Angels na Jeff Lemire da Jock, na 2021, ya matse duniya ta koma kwazazzabo ɗaya na ƙanƙara wanda ba a san ƙarshensa ba. Mutanensa da takalman zamiya suke yawo, an haife su a ciki, an kuma koya musu cewa fita mutuwa ce. A waya da kwamfuta aka fara sayar da shi kafin takarda, ya ci kyautar Eisner a 2022.

Japanawa ba sa wasa

Fire Punch na Tatsuki Fujimoto, wanda ya fito daga 2016 zuwa 2018 cikin kundi takwas, ba na mai raunin zuciya ba ne. Yaro ne, Agni, da aka yi wa baiwar warkewa nan take. Ƙauyensu na tsofaffi ba abinci, sai ƙanwarsa ta riƙa sare masa hannu da gatari, hannun ya tofo, a raba naman gida-gida. Wani soja mai baiwar wuta ya zo ya ga abin da ake ci, ya cinna wa ƙauyen wutar da ba ta mutuwa sai abin da ta kama ya zama toka. Kowa ya ƙone. Agni kuwa wuta na ci jiki na tofowa, don haka ba ta mutu ba, shi ma bai mutu ba. Shekara takwas ya yi yana koyon yadda zai miƙe ya yi tafiya a haka.

Ka duba wannan dabara: a duniyar da kowa ke neman ɗumi, ga mutum yana ci da wuta, mutane har suka fara bauta masa. Birnin da ya fi ƙarfi a labarin kuwa da irin su Agni yake rayuwa. Ana kama masu baiwa a ɗaure su a gado, a riƙa tatsar lantarki ko abinci daga jikinsu har su mutu, ana kiran su itacen wuta. Ban san wani littafin da ya faɗi maganar ƙarara haka ba. Fujimoto ɗan lardin Akita ne, yankin da dusa ke binne gidaje duk shekara. Daga baya ya yi Chainsaw Man, wanda ya kai sunansa ko'ina.

Kishiyar Fire Punch shi ne Girls' Last Tour na Tsukumizu, 2014 zuwa 2018, kundi shida. Ba mugu, ba sarki, kusan ba kowa. 'Yan mata biyu ne, Chito da Yuuri, suna hawa wani mataccen birni mai hawa-hawa a kan Kettenkrad, wata 'yar motar sojan Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, gabanta babur, bayanta sarƙar tankar yaƙi. Babban abin da zai faru a babi guda shi ne su sami bututun ruwan zafi, su harbe shi da bindiga su yi wanka. Babbar rigimarsu kuwa, Yuuri da ba ta iya karatu ba ta jefa littafin Chito cikin wuta don su ji ɗumi. Ni a ganina wannan ya fi Fire Punch tayar da hankali, domin ba wanda za ka ɗora wa laifi. Ya ci kyautar Seiun ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2019.

Akwai kuma dalilin sana'a da ke sa masu zane son dusar ƙanƙara. Takarda fara ce tun asali. Mai zana kurmi sai ya zana ganye dubu, mai zana ƙanƙara layi ɗaya zai ja ya bar sauran. Wahalar ita ce sanin inda za a tsaya. Rochette yakan cika cikin jirgi da baƙi da toka-toka da fuskoki har numfashinka ya ɗauke, sannan ya buɗe maka waje fari fat, jirgin ya koma siririn zare.

Inda abin ba ƙage ba ne

Mafi tsananin sanyin da aka auna kai tsaye a doron ƙasa shi ne digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar Vostok ta Antatika, ranar 21 ga Yuli 1983, Le Transperceneige na tsakiyar tashensa. A ƙauyen Oymyakon na Rasha, inda mutane ke zaune da iyalansu, an auna 67.7 ƙasa da sifili a 1933. A birnin Yakutsk, direban da ba shi da gareji mai ɗumi yakan bar mota a kunne sa'o'i, domin idan ta mutu a waje tashinta sai an sha wuya. Masu kifi a kasuwar birnin ba su san firji ba, a tsaye suke jera kifin cikin kwanduna, ya sandare.

Ƙaryar kifi

Littafin Lob ya kusa shiga kwandon mantuwa. Rochette ma ya karkata ga zanen allo, daga baya ya koma Berlin da zama. Wajen 2005 wani mai shirya fim ɗan Koriya ta Kudu, Bong Joon-ho, ya shiga shagon littattafan zane da ya saba zuwa kusa da Jami'ar Hongik a Seoul, ya ɗauki fassarar Koriyanci, ya karance ta a tsaye gaban kanta. A lokacin babu fassarar Ingilishi. Ba a yi ta ba sai 2014, shekara 32 bayan fitowar labarin. El Eternauta ya fi shan jira, sai 2015.

Fim ɗin da Bong ya yi daga labarin ya fito a 2013, an ɗauke shi a Prague, ya ci wajen dala miliyan 40, mafi tsada a tarihin fim ɗin Koriya a lokacin. Bong ya ɗauki jirgin ya zubar da kusan duk mutanen littafin. Ya kuma kawo nasa sanadin sanyin: ƙasashe 79 ne suka fesa wani sinadari a sama don maganin ɗumamar yanayi, maganin ya zarce. A madadin Mama, na baya suna cin wani baƙin curi da aka niƙa da kyankyasai. Na wurin ɗaukar fim da ciyawar teku da sukari aka yi shi, duk da haka wasu 'yan wasan da ƙyar suke haɗiyewa. Rochette da Legrand sun fito cikin taron 'yan wutsiya, kuma hotunan da mai zanen taragun baya ke yi a fim ɗin, hannun Rochette ne.

Sai rigima ta tashi da Harvey Weinstein, wanda ya sayi haƙƙin nuna fim ɗin a Amurka. Ya ce sai an yanke wajen minti 20. Cikin abin da ya ƙi jini har da wurin da wasu masu gatura da fuskoki a rufe suka farke cikin wani ƙaton kifi, suna tsoma bakin gatarinsu cikin jinin kafin a fara faɗa. Bong yana son wurin. Sai ya sunkuyar da kai ya ce masa wannan sadaukarwa ce ga mahaifinsa, wanda masunci ne. Weinstein ya ce ai iyali ya fi komai, a bar kifin. Shekaru bayan haka Bong ya faɗa wa 'yan jarida cewa ƙarya ya shirga. Mahaifinsa mai tsara zane ne kuma malamin jami'a, ba ruwansa da su.

A ƙarshe Weinstein ya haƙura da yankan baki ɗaya, amma ya rama ta wata hanya. Sinima takwas kacal aka fara nuna fim ɗin a duk faɗin Amurka, ranar 27 ga Yuni 2014, alhali a Koriya mutum sama da miliyan tara sun riga sun kalle shi.